Fasaha Nesa da Kasuwarta: Nazarin Kwatanci Tsakanin Cibiyar Ginin Tukwane ta Abuja da Ɗakin Bugun Zane na Kinngait

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta wuraren aikin fasaha guda biyu da aka kafa a shekarun 1950 nesa da manyan birane: Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta tsohuwar Abuja, inda Ladi Kwali ta yi suna, da ɗakin bugun zane na garin Kinngait a yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, inda Kenojuak Ashevak ta shahara. Manufar ita ce gano dalilin da ya sa ɗaya ya ɗore har yau, ɗaya kuma ya durƙushe, alhali tushensu ya yi kama. Maƙalar ta nuna cewa bambancin ya samo asali ne daga wanda ya mallaki ɗakin aikin da wanda ke riƙe da hanyar kai kaya kasuwa.

1.0 Gabatarwa

A bayan takardar naira ashirin da aka fitar a 2007 akwai hoton wata mata tana gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, wadda aka haifa wajen 1925 a ƙauyen Kwali, ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. A gaban takardar kuwa hoton Janar Murtala Muhammed ne, wanda gwamnatinsa ta kafa Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976, lamarin da ya shigar da Kwali cikin sabon yankin. Kanada ma ta sa wani zanen mujiya na Kenojuak Ashevak (1927–2013) a takardar dala goma ta musamman da ta fitar a 2017. Matan biyu sun tashi a wuraren da masu mulki na lokacinsu ke ɗauka a matsayin ƙarshen duniya, ba su yi karatun boko ba, kuma ayyukansu sun shiga manyan gidajen adana kayan fasaha na ƙasashen Turai da Amurka.

A wannan nazari za a kira irin wannan wurin aiki da sunan zangon fasaha, wato ɗakin aiki da aka kafa a inda masu sana'a da kayan aiki suke, amma masu sayen kayan suna can wata nahiya ko wani yanki mai nisa. Tambayoyin da maƙalar ke son amsawa uku ne: me ya sa aka zaɓi waɗannan wurare, wane sauyi zangon ya kawo wa abin da ake ƙerawa, kuma me ya rage bayan tafiyar baƙon da ya kafa shi.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Rubuce-rubucen farko a kan cibiyar Abuja sun fi mayar da hankali a kan Michael Cardew (1901–1983), Baturen Ingila da ya koyi ginin tukwane a hannun Bernard Leach, ya yi aiki a Achimota da Vume a ƙasar Gana a shekarun 1940, sannan ya zo Nijeriya. Littafinsa Pioneer Pottery na 1969 ya ginu ne a kan abin da ya koya a Afirka ta Yamma game da yumɓu da duwatsu da wuta. Sylvia Leith-Ross a Nigerian Pottery (1970) ta tattara tukwanen gargajiya na ƙasar ta rarraba su bisa yanki. Tanya Harrod, wadda ta rubuta tarihin rayuwar Cardew a 2012, ta dubi cibiyar a matsayin wani ɓangare na manufofin raya ƙasa na ƙarshen mulkin mallaka, tare da saɓanin da ke tattare da su. A baya-bayan nan alƙalami ya koma kan matan da kansu. Baje-kolin da Jareh Das ta shirya a Landan a 2022 ya sa Ladi Kwali a tsakiyar labarin, Cardew ya koma gefe.

A ɓangaren Inuwit, wato al'ummar su Kenojuak, muhawarar ta fi zafi. Edmund Carpenter ya ɗauki sassaƙe-sassaƙen da aka fara sayarwa bayan 1949 a matsayin kayan tsaraba da aka tsara don idon Bature. Nelson Graburn a Ethnic and Tourist Arts (1976) ya sassauta wannan hukunci, ya nuna cewa ƙananan al'ummomi kan yi amfani da kasuwar baƙi wajen bayyana kansu.

Kusan duk waɗannan ayyuka sun tsaya a kan tambayar sahihanci: shin abin da aka ƙera na gargajiya ne ko na baƙo? Ra'ayin wannan maƙala shi ne tambayar ta cinye tawada fiye da ƙimarta. Wadda aka bari a baya, wato ta mallaka da tafiyar da ɗakin aiki, ita ce ta yanke hukunci a kan makomar wuraren biyu.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin kwatanci. An dogara da ayyukan da aka ambata a sama, da bayanan kayan Ladi Kwali da gidajen adana kayan fasaha suka wallafa, musamman na gidan Victoria da Albert a Landan da na Jami'ar Aberystwyth, da kuma kundayen bugun zane na shekara-shekara na Kinngait. An auna wuraren biyu da ma'auni huɗu: wuri da kayan aiki, sauyin siga da amfani, alamar mai aiki, da mallaka.

4.0 Nazari

4.1 Wuri da Kayan Aiki

Abujar da ake magana a kanta ita ce Suleja ta yau, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarakunan Haɓe na Zazzau sun baro Zariya. A 1950 Cardew ya zagaya Nijeriya don rubuta rahoto a kan ginin tukwane, kuma a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, domin sarkin ya daɗe yana tara su. Wannan batu yana da muhimmanci: an san ƙwarewarta, ana kuma sayen kayanta a fada, kafin wani Bature ya ji sunanta. A 1951 aka naɗa Cardew jami'in kula da ginin tukwane a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, cibiyar kuma ta fara aiki a 1952.

Kano ko Zariya sun fi Abuja jama'a da kasuwa, amma matoyar tangaran tana cin itace mai yawan gaske, kuma itace shi ne abin da Abuja ke da shi a yalwace. Ga yumɓu mai kyau, ga ruwa, ga sarki mai goyon baya, ga tsaunukan Jos inda haƙar kuza ta sa ana samun farar ƙasa da sauran duwatsun da ake niƙawa don haɗa ruwan ƙyalli. Saboda haka nisan Abuja daga birane zaɓi ne da aka yi da gangan, kayan aiki suka ja cibiyar zuwa daji.

Lamarin Kinngait akasin haka ne. Garin, wanda aka sani da Cape Dorset har zuwa 2020, yana kan wani ƙaramin tsibiri a kudu maso yammacin tsibirin Baffin, a yankin Nunavut na yanzu. Babu itace ko ɗaya da ke tsiro a can, babu hanyar mota da ta haɗa shi da wani gari, kuma manyan kaya sai dai jirgin ruwa ya kawo su a 'yan watannin da teku ke narkewa. Mutanensa ba su kai 1,500 ba. Takarda da tawada duk daga kudu ake kawo su. Dutse kaɗai ne na gida. Abin da ya kai aikin can shi ne mutane: faɗuwar farashin fatar yanyawa a ƙarshen shekarun 1940 ta bar mafarauta cikin ƙunci, gwamnati kuma tana neman abin da zai rage dogaro da tallafi. James Houston, wanda ya fara zuwa arewa a 1948 ya kuma kai sassaƙe-sassaƙen Inuwit kasuwar Montreal a 1949, shi ne ya fara gwajin bugun zane a garin a 1957 tare da masassaƙi Osuitok Ipeelee da wasu 'yan tsiraru. Daga nan ya tafi Japan ya koyi bugun katako a wurin Un'ichi Hiratsuka, ya dawo, aka fitar da kundin farko a 1959.

4.2 Tulun da Ba Ya Sanyaya Ruwa

Nan ne sauyin da zangon fasaha ke kawowa ya fi fitowa fili, don haka za a ɗan daɗe a kansa.

Ladi Kwali ta koyi gini a wurin 'yar'uwar ɗaya daga cikin iyayenta, bisa tsarin matan Gbagyi. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan kasko ko ƙwarya, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jan bangon sama daga ciki tana zagaya tukunyar da ƙafa. Ita ce ke juyawa, tukunyar tana zaune wuri ɗaya. Idan bango ya tashi sai ta riƙa ƙara murɗaɗɗen yumɓu tana shafewa har ta kai wuya. Kafin ya bushe sarai sai a yi zane: a mirgina tufkakken zare ko ɗan guntun itace mai tsaga a jikin tulun don fitar da layuka, a raba cikinsa gida-gida, a zana kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya ko kifi ko tsuntsu da bakin wuƙa. Toyi kuwa a fili ake yi, da itace da ciyawa, cikin ɗan lokaci, zafin bai cika kai digiri 900 ba. Tulun da ya fito daga irin wannan wuta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Tukunyar girki ma saboda wannan sako-sakon jiki ne take jure harshen wuta ba ta tsage ba.

Da ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko a cikinta, Ladi Kwali ta koyi aiki da faifan gini mai juyawa, ta yi kwanuka da kofuna da butoci kamar sauran ɗalibai. Amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, yadda ta saba. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. Ana haɗa yumɓu na musamman da ke jure zafi, a cike tsagar zanen da farar ƙasa, a lulluɓe tulun da ruwan ƙyalli mai duhu ko mai garai-garai, a shigar da shi rufaffiyar matoya a kai shi sama da digiri 1,200. A wannan zafi jikin yumɓu yakan haɗe ya toshe. Zanen yana fitowa fes ta ƙarƙashin ƙyallin, kuma tulun zai iya yin ɗaruruwan shekaru bai zaizaye ba. Sai dai ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin duk wanda ke buƙatar tulu don ruwa. Siffar tulu ce, amma aikin tulu ya bar jikinsa.

Cardew da kansa ya san haka. Ra'ayinsa tun farko shi ne tukwanen gargajiya ba su buƙatar gyara, kuma manufar cibiyar ita ce horar da maza su yi kwanukan cin abinci masu ƙyalli don ma'aikata da sauran masu hali da ke tasowa, a rage shigo da tangaran daga waje. Wannan manufa ba ta cim ma ruwa ba. Kwanon sha da langa na ƙarfe, da tangaran na masana'anta, sun fi araha kuma sun fi sauƙin ɗauka. Waɗanda suka riƙa sayen kayan Abuja su ne Turawan da ke aiki a Nijeriya da masu tara kayan fasaha a Landan, inda aka baje su a gidan Berkeley a 1958 da 1959 da 1962. Abin lura shi ne kayan da ba su cikin tsarin farko, wato tulunan mata, su ne suka ɗaga sunan cibiyar. Nasarar Ladi Kwali ce ta buɗe ƙofa ga Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

A Kinngait ma an sami makamancin wannan ƙaura. Kenojuak ta taso tana ɗinka ado a jikin jakunkuna da tufafin fatar dabbobin teku, kuma ɗaya daga cikin bugunta na farko, a kundin 1959, daga adon wata jakar fata aka ɗauko shi. Adon ya tashi daga abin da ake ratayawa a kafaɗa ya koma takardar da ake ratayawa a bangon wani gida a Toronto. Bambancin shi ne a can ba a taɓa yaudarar kai ba: tun ranar farko an san kasuwar a kudu take, aka kuma tsara komai don ita. A Abuja kuwa an kafa cibiya don kasuwar gida, aka wayi gari ana rayuwa da kasuwar waje ba tare da an gina mata tsari ba.

4.3 Hatimi da Suna

A gindin kayan cibiyar Abuja akan ga tambari biyu da aka danna a ɗanyen yumɓu. Ɗaya sunan Abuja ne da haruffan Larabci, ɗayan kuma haruffan farko na sunan magini, kamar LK na Ladi Kwali. A gefen bugun Kinngait na farko-farko akan ga ƙananan hatimai a jere daga sama zuwa ƙasa, al'adar da Houston ya ɗauko daga Japan: sunan mai zane da rubutun Inuwit, sunan wanda ya sassaƙa dutsen ya buga, sai alamar ɗakin aikin. Yawanci kwafi 50 ake bugawa na kowane zane, a sa masa lamba.

A kasuwar ƙauye tukunya ba ta buƙatar sa hannu, domin mai saye ya san maginiyar ko ya san garinsu. Hatimi yana zama dole ne idan mai saye ba zai taɓa ganin mai aikin ba. Shi ne ya ba Ladi Kwali damar zama mutum mai suna a kasuwar duniya: ta nuna aikinta a Ingila a farkon shekarun 1960, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta sami lambar yabo ta ƙasa kan ƙwazo a 1980 da lambar OON a 1981. Amma hatimin Abuja bai nuna waɗanda suka haƙo yumɓu, suka niƙa dutse, suka kwana suna zuba wa matoya itace ba. Na Kinngait ya ɗan fi adalci a nan, tunda ya ambaci mai bugu tare da mai zane.

4.4 Mallaka

Houston ya bar Kinngait a 1962, Cardew ya bar Abuja a 1965. Tun ran gini ran zane: abin da kowannensu ya bari a ƙasa shi ne ya tsara abin da ya biyo baya.

A 1959 aka yi wa ƙungiyar gama-kai ta yammacin Baffin rajista, mallakar mutanen garin, kuma ɗaya daga cikin masu bugun farko, Kananginak Pootoogook, ya zama shugabanta. Ƙungiyar ce ke sayen zane daga hannun masu zane ta biya su nan take, ita ke ɗaukar masu bugu aiki, tana da kantin sayar da kayan masarufi a garin, wanda ke tallafa wa ɗakin aiki idan kasuwar fasaha ta yi sanyi. Terry Ryan, wanda ya zo a 1960 ya yi shekaru da dama yana kula da ɗakin, ma'aikacin ƙungiyar ne. A 1978 ƙungiyar ta buɗe ofishin tallanta a Toronto, wato ta riƙe duka bakin igiyar biyu. Ba a ce babu katsalandan ba: daga 1961 wani kwamiti na masana daga kudu ya riƙa tace zanen da za a fitar, abin da ya jawo ƙorafi na tsawon shekaru. Rayuwa a garin kuma har yanzu tana da wuya, ga ƙarancin gidaje ga tsadar abinci. Duk da haka kundin shekara-shekara bai yanke ba tun 1959, kuma ɗakin ya fitar da sabon zubi na masu zane, irin su Annie Pootoogook wadda ta ci babbar kyautar Sobey a 2006 da zanen rayuwar cikin gida ta yau, da talabijin da kantin kaya, maimakon mujiya da farauta.

Cibiyar Abuja kuwa sashe ce ta ma'aikatar gwamnati, maginanta ma'aikata ne masu albashi. Hulɗa da Landan ta dogara ne da sunan Cardew da abokansa. Michael O'Brien ya gaje shi ya riƙe wurin har farkon shekarun 1970, kuma har a 1974 cibiyar tana da ƙarfin da Magdalene Odundo, 'yar Kenya wadda daga baya ta zama fitacciyar maginiya a Ingila, ta zo ta koyi gini da hannu a wurin Ladi Kwali. Amma duk lokacin da aka sake fasalin ƙasa sai cibiyar ta sake uban gida: daga Jihar Arewa zuwa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan Jihar Neja a 1976. Rabon 1976 ya yi wani abu na daban. Sunan Abuja ya koma kan sabon birni, garuruwan maginan irin su Kwali da Ushafa suka faɗa cikin Birnin Tarayya, ginin cibiyar da matoyarta suka tsaya a Suleja ƙarƙashin wata gwamnati. An sauya mata suna zuwa na Ladi Kwali a farkon shekarun 1980, amma jaridu sun sha kawo rahoton lalacewarta. Babu wata ƙungiyar magina da ke da hurumin gyara rufinta ko neman mata kasuwa, domin ba tasu ba ce.

4.5 Bayan da Kasuwa Ta Zo Gida

Wani abu ya faru a Abuja wanda ba zai taɓa faruwa a Kinngait ba: birnin da ke da masu saye ya taso ya sami maginan a inda suke. Tun da gwamnati ta ƙaura daga Legas a Disambar 1991, ofisoshin jakadanci da manyan otal da ma'aikata masu hali suna cikin tazarar tafiyar sa'a ɗaya daga Ushafa da Bwari da Giri da Kwali. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci Ushafa a Agustan 2000. Akwai titi mai sunan Ladi Kwali a tsakiyar birnin. Idan da nisa ne matsalar, da yanzu an warware ta.

Ilimin cibiyar bai mutu ba. Ya watsu ne ta hannun ɗaiɗaikun mutane. Danlami Aliyu, wanda ya yi horo a can, ya kafa wurin aikinsa a Minna, kuma wuraren ginin tangaran na Maraba kusa da Kaduna da na Bwari sun fito ne daga wannan zuriya, da tallafin O'Brien. Waɗannan duk masu zaman kansu ne, ƙarfinsu gwargwadon ƙarfin mai su. Matan da ke gini da hannu a ƙauyukan yankin kuwa galibi suna sayar da kayansu babu hatimi, ga 'yan sari ko masu neman tukunyar shuka fure, a farashin kayan amfani. Bunƙasar birnin da ta kawo musu masu saye ita ce kuma ke mayar da filayen da ke kewaye da su fulotai, tana tsadar da itacen toyi. Cardew ya zo Abuja ne saboda itace da yumɓu suna nan a banza. Maginiyar yau a Birnin Tarayya tana iya rasa duka biyun, kuma ba ta da wata ƙungiya mai rajista da aka mallaka wa ramin yumɓu da sunanta, ko wadda za ta saye tulunta ranar da ta gama shi.